Ƙafar Kaka Tamu

"Ƙara?! Baba, ƙarar Idder ka kai kotu?"

Ban san lokacin da butar shayi ta suɓuce daga hannuna ba. Baba bai ko ɗago kai ba, sai jan carbinsa yake a ƙuryar tantin da muke zaune tun da girgizar ƙasa ta rushe ƙauyenmu.

Assu, ɗan baffana da ke aiki a ofishin wani lauya a birnin Marrakish, shi ya amsa, yana wani gyara wuyan riga.

"Ki kwantar da hankalinki, Ijja. Doka ce. Ya tuƙa katafila cikin gidan mutane ba tare da izini ba, ya jawo an yanke wa Kaka ƙafa."

"Da bai shigo ba, gawarta za mu ciro!"

"Wannan kuma alƙali zai duba..."

"Ijja!" Baba ya daka min tsawa. "Uwata ce ke kwance da ƙafa ɗaya. Kada ki ƙara ambata min sunan yaron nan, maganar aurenku kuwa ta mutu."

Sai na ga Assu ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. A nan na gane komai. Mutumin da na ce wa ba na so tun ina 'yar makaranta, ashe bai haƙura ba.

Ni dai da idona na ga abin da ya faru. Gari na wayewa bayan girgizar, muna tonon ƙasa da hannu har farcenmu na zubar jini, muryar Kaka Tamu na fitowa daga ƙarƙashin bango. Duwatsu sun toshe hanya, babu mai iya hawowa. Sai ga Idder da katafilarsa, wadda da ita yake ci da iyayensa, ya share hanya tun daga kwari har ƙofar gidanmu, ba wanda ya kira shi. Ya ɗaga bangon, aka zaro Kaka da rai. Amma wani ɓangare ya ɓalle ya sauka a ƙafarta.

Wannan ne laifinsa, jama'a. Wannan kaɗai!

Washegarin rigimarmu da Baba na gangara kwari na sami Idder zaune a kan dutse, yana kallon katafilar da 'yan sandan jandarma suka ɗaure da sarƙa. Ya rame, sai idanu.

"Hasken idona... me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

"Za su ɗaure ka, Idder?"

"Lauya ya ce zai iya yiwuwa."

Kuka ya ƙwace min. Ya miƙo min gefen rawaninsa in share hawaye, kamar yadda ya saba.

"Kin san abin da ya fi damuna? Masu motocin da ke kai barguna saman dutse duk sun ajiye makullai. Kowa cewa yake, ka ga abin da ya sami Idder. Ga dusar ƙanƙara na tafe..."

"Mu gudu kawai!"

Ya yi dariya, har ranar nan yana da ƙarfin yi min dariya.

"Da katafila? Kafin mu kai lanƙwasa ta farko Kaka ta kamo mu da sandarta."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma haka, zuciyata. Ta ƙofa zan ɗauke ki, da hannun Baba. In ba haka ba, to na haƙura."

Na koma gida ina jin haushinsa, ina kuma ƙara sonsa. Kaka kuwa ba ta san komai ba. An ɓoye mata maganar ƙarar, wai kada jininta ya hau.

Ana cikin haka Baba ya kira gayya, wadda muke ce wa tiwizi, don a tayar da bangon sabon gida kafin sanyi ya kankama. A wurinmu ba a ƙin amsa tiwizi. Ka zo da hannunka, mai gida ya ciyar da kai, ranar taka shi ma ya zo. Na tashi tun da safe na turara kuskus, na dafa naman akuya a tukwane har ƙamshi ya cika unguwa.

Maza suka zo, babu wanda ya rage. Sai dai kowa ya nemi dutse ya zauna, ya cusa hannuwansa cikin jallabiyarsa.

Baba ya ɗauki faranti da kansa, ya zuba shayi, ya miƙa wa Dattijo Lahsan, shugaban majalisar ƙauyenmu.

Dattijo bai karɓa ba.

Tun da nake ban taɓa ganin an bar kofin shayi a hannun mai gida ba. Fuskar Baba ta yi fari fat.

"Lahsan... me na yi maka?"

"Ba komai, Bihi. Tsoro muke ji. Ni tsoho ne, hannuna na rawa. In dutse ya kuɓuce min ya faɗa wa wani a gidanka, wace kotu za ka kai ni?"

"Ni kuma guduma ce da ni," in ji wani daga baya. "Ba ni da takardar izinin riƙe ta. Ko Assu zai rubuta min?"

Aka fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Assu ya miƙe yana kumfar baki.

"Ku ba ku san doka ba! Wannan daban, wancan daban..."

Ban tsaya jin ƙarshensa ba. Na faɗa tantin da Kaka ke jinya, na durƙusa gabanta, na gaya mata komai a cikin numfashi ɗaya.

Ta dube ni, ta ce, "Juyo min bayanki, 'yar nema."

Na goya ta, kamar yadda ta goya ni ina ƙarama. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma da muka fito fili sai da kowa ya miƙe tsaye.

"Bihi!"

"Na'am, Inna..."

"Ƙafar wa aka yanke?"

"Taki, Inna."

"To wa ya aike ka ka kai ƙararta? Ni na ce maka ina nemanta?"

Baba ya buɗe baki, ta ɗaga masa sanda.

"Idder ya leƙo ta ramin da nake, ya ce, Kaka, in na ɗaga, bangon zai iya ɓallewa. Na ce, ɗaga, ɗana, gara in bar ƙafa a nan da in bar kaina. Ni na ba shi izini! Ko akwai wanda ya fi ni iko da ƙafata?"

Ta waiga wajen Assu.

"Kai kuma, mai takalmi mai ƙyalli, ina kake ranar? Ba kai ne ka iso bayan an gama, kana ɗaukar mu hoto da waya ba?"

Assu ya shiga lalube aljihu kamar ya yar da wani abu. Ni kuwa zuciyata ta gama cika.

"Baba, ni na ɗaura wa bangon sarƙar da aka ɗaga shi da ita. In za a ɗaure Idder, a haɗa da ni."

"Ni na ja igiya," in ji Dattijo Lahsan.

"Ni ma!"

"Ni ma ina wurin!"

Muryoyi suka yi ta tashi har na daina gane masu su. Baba ya ajiye farantin a ƙasa. Sai ga hawaye a gemunsa.

"Ni ne na yi ta ihu a ɗaga, a ɗaga... Kullum na ga ƙafar nan sai in ji muryata. Na rasa inda zan kai abin, Inna."

"Zo nan, sakarai," Kaka ta ce, ta jawo kansa ta rungume, tana bisa bayana, har muka kusa faɗuwa mu uku. "Muryarka ce ta sa ban saki rai ba."

A ranar ba a ɗora ko dutse ɗaya ba. Maza suka cika motar ɗaukar kaya, Kaka a gaba kusa da direba, aka gangara gari. Baba ya janye ƙararsa, alƙali ya saurari Kaka, wadda ta kusa koya masa aikinsa, aka kwance wa katafila sarƙa. Da suka dawo majalisar ƙauye ta zauna ta yanke magana: duk wanda ya kawo mana ɗauki ranar masifa, da hannu ko da mota ko da kayan shagonsa, in tsautsayi ya biyo ta hannunsa, ƙauye ne zai ɗauka gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo motocin barguna sun dawo hanya. Assu kuma aiki ya yi masa yawa a Marrakish, har yau bai sami sararin leƙo mu ba.

Ranar da aka sake kiran tiwizi, tun daga nesa muka jiyo rurin katafila tana hawowa. Na ƙona hannu a tukunya ban ma ji ba.

Idder ya sauko ya tsaya nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Baba ya zuba shayi, ya wuce Dattijo Lahsan, ya wuce liman, ya je ya tsaya a gabansa.

"Karɓi, ɗana. Ka yafe min."

"Baba, ni ne..."

"Sha kawai! Kuma ka gaya wa mahaifinka ina jiransa ranar Juma'a. Yarinyar nan ta ishe ni da ƙona abinci."

Guɗa ta ɓarke ta ko'ina. Na rufe fuska da mayafi, amma ta ƙasa ina kallonsa. Ya ɗaga kofin ya dube ni, leɓensa ya motsa ba sauti: "Ta ƙofa..."

A sabon gidan aka ɗaura mana aure, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu fari tas. Da ganguna suka ɗauka, mata suka jeru kafaɗa da kafaɗa, sai Kaka ta jefar da sandarta ta ƙwala wa ango kira.

"Kai, mai katafila! Zo nan. Ka ɗaga bango, ni ce zan gagare ka?"

Idder ya ɗauke ta cak ya shiga da ita tsakiyar fili, tana tafi tana juya ƙafarta ɗaya a sama.

Baba ne ya fi kowa ihu: "Ɗaga ta, ɗana! Ɗaga!"