Ina Mai Gogenmu?

Ku matso kusa, in ji Yaya Iliya. Ku rage fitilar nan. Wannan a Kafanchan ya faru, bayan tashar jirgi.

Akwai wata mata, Saratu, mai gidan abinci. Farfesun kai, gasasshen kifi, abin sha mai sanyi ga mai so. Amma ba don farfesu ake cika gidan ba. Don gogen Baba Anaruwa ne. Shekara goma sha tara tsohon yana zama a tabarmarsa gefen ƙofa, yana ja, mutane na mantawa da abinci har ya huce.

Sai samari suka fara ƙorafi. Kiɗan tsofaffi, in ji su. Saratu ta ɗauko masu jita da lasifika. Ba ta iya faɗa wa tsohon ba. Naɗe tabarmarsa kawai ta yi, ta sa aka dasa lasifika a wurin.

Da yamma ya zo. Ya dubi wurin. Ya dube ta.

"Uwar ɗaki, barka da aiki."

Ta amsa tana juya miya, ba ta ɗago ba. Ya saɓa gogensa ya fita.

Bayan wata uku ya rasu. Kunya ta hana ta zuwa gaisuwa. Ciniki ya ƙaru, amma ita abinci ya daina yi mata daɗi.

Wata Laraba ta makara a kasuwa. Magariba ta kawo kai, sai ta yanke ta hanyar rafi, kwandon tattasai a ka. Ita kaɗai. Kwaɗi na ta kuka. Tana isowa gindin tsamiya, suka yi tsit gaba ɗaya.

Wani dogon mutum na tsaye a hanya, cikin farar riga.

"Uwar ɗaki."

Yana gabanta, amma muryar daga bayan kunnenta ta fito.

"Ina mai gogenmu?"

"Ya... ya yi tafiya."

"Tafiya," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Nan ta ga ƙafafun. Dugadugan ne a gaba, yatsun na kallon baya. Kuma ciyawar da ya taka ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Ta nemi addu'a, ta rasa farkonta.

"Shekara goma sha tara muna zama kan katangarki muna saurare," in ji shi. "Ba mu taɓa taɓa tukunyarki ba. Ba mu taɓa firgita baƙonki ba. Ina mai gogenmu?"

Kwandon ya zame, tattasai ya watse.

"Ni na kore shi," ta ce, hawaye na zuba. "Ko fuskarsa ban kalla ba. Ya mutu ban je ba."



"Mun sani. Daga bakinki muke so mu ji."

Ya miƙo mata wani abu. Sandar jan goge ce mai izgar doki, mariƙinta ya yi santsi don tsufa. Ɗumi gare ta, kamar yanzu aka ajiye.

"Ya bar wannan a wurinmu. Kai wa 'yarsa. Wuce. Kada ki waiwaya."

Ta wuce. Sai da ta hango fitilun gidanta kwaɗin suka ci gaba da kuka.

Da safe ta nemi gidan. 'Yarsa Hajo ta karɓi sandar, ta rungume.

"A wurinki ya manta da ita ashe! Mun yi ta nema."

"Hajo, ba ki san na sallame shi ba?"



"Sallama kuma, Inna? Ai har ranar da ya kwanta ciwo, kullum da yamma sai ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya ce mana ya tafi gidan Saratu, jama'a na jiransa."

Saratu ta tuna hannun da sandar ta fito. Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da zane.

Yaya Iliya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Hanyar rafin nan, in rana ta faɗi, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. Balle in akwai wanda ka zalunta. Tambayarka za su yi."