Leƙa Ka Gani

Ana gab da magariba na bar Kankia a kan babur, da ragowar fostoci ɗaure a baya da gwangwanin gam, zan liƙa su a Kunduru. Ni ne Gajere, wanda ya taɓa ɗaura wa akuya tocila a ƙaho ya hana rabin unguwa fita alwala. Makaranta ba ta iya da ni ba, amma wajen haɗa hoto a waya ban da na biyu. Shi ya sa Kabo mai gidan kallo ya ba ni tallar fim ɗin ban tsoron da ya samo.

Sirrin aikin ɗaya ne: kada ka nuna dodo. Wanda ya ga dodo a bango ya gama kallo, me zai shiga nema? Ka ba shi duhu da ɗan ja a gefe, idonsa ya ƙarasa sauran. Don haka na je wata tsohuwar kuka a bakin hanyar Kunduru, na zura waya cikin kogonta na ɗauki hoto, ko sallama ban yi ba. A ƙasa na rubuta da ja: LEƘA KA GANI. Mutane suka yi cirko-cirko a gindin bango suna ta leƙe. Kabo ya ce, "Ja'iri, kai ko Iblis sai ya sara maka."

Daidai kukar nan babur ya mutu.

Na buga, na sake bugawa. Gyare suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya taso daga kogon.

"Ɗan nan," in ji wata muryar mace, ƙasa-ƙasa. "Ba a koya maka sallama ba?"

Na ce, "Baba, mi na yi maki?" Ban gane muryata ba.

"Takaba nike. Ko ƙanen mijina bai ga fuskata ba. Kai ka kai ni tasha, ka kai ni kasuwa, 'yan acaba suna leƙe na."

Na zaro fosta ɗaya, na duba. Cikin duhun da nake alfahari da shi akwai mace a tsugune. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna motsi a kan takardar.

Kuka take yi.

"Ka kwashe duk waɗanda ka liƙa kafin a sallame isha'i. Wadda ta rage, kai za ka zauna ciki."

Na bar babur a nan. Da ƙafa na koma Kankia, takalmi ɗaya. Na bi bango ina yaga, farcena na jini. Kasuwa. Bakin asibiti. Shagon mai shayi.

Saura ta tasha.

Wannan a saman falwaya take. Kan lodin wata babbar mota na hau na liƙa ta, don a ce Gajere ne kaɗai zai iya. Motar ta tafi.

Na rungumi falwayar, na zame. Na sake, na zame.

Liman ya yi sallamar isha'i.

Da safe tasha ta cika. A jikin fostar, cikin kogon, ni ne a tsugune, ba ko ɗan kamfai, hannu bibbiyu ina kare abin da zan iya. Rubutuna na nan a ƙasa, ja wur. Kabo yana dariya har da riƙe ciki. "Wannan ta fi duka! Kai, ba ka da kunya ko kaɗan!"

An sa tsani an yage ta, washegari ta dawo.

Dariyar gari na iya haɗiyewa. Amma ran kasuwa mahaifiyata, Inna Hadijatu, ta biyo ta tasha da ƙwaryar gero a kai. Ta ɗaga ido. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, sak irin na matar cikin kuka.

Yanzu ko rumbu zan leƙa sai na yi sallama, na tsaya na jira amsa.