Amaryar da Ta Fito Dishi-dishi

Ranar da aka haska bidiyon bikin Sakinatu a ƙofar gidan mai unguwa, ranar ce duk garin ya san Khalilu yana son Luba. Ita kanta bai riga ya gaya mata ba.

Shekarar ce da taki ya gagari manomi, masu shirya fim a Kano kuma suka daina kiran kowa aiki. Khalilu ya dawo Ɗambatta da kyamararsa yana bin bukukuwa. Aikin ba wuya: a sa amarya a tsakiya, a fito da ita tar, sauran jama'a su zama bango.

A wannan bidiyon, amarya tana can gefe dishi-dishi. Ƙawarta Luba, mai yi mata fifita, ita ce ta fito tar, har ana ganin gumin goshinta. In ta matsa, hoton ya bi ta. A tsakiyar kiɗa ma an rage ƙara don a ji dariyarta.

"Wai auren wa muka je ne?" in ji uwar ango.

Washegari saƙon Luba ya shigo wayar Khalilu: "Malam mai kyamara, ka gama da ni. Ko rijiya ba na iya zuwa."

Ya rubuta: "Ki yafe min, Lubata. Hannuna ne ya ƙi jin magana."

"Hannu ne kawai?"

"Har da mai hannun."

Mahaifinta, Malam Sama'ilu, bai ga abin dariya ba. Dama Ɗanliti mai shagon taki a Bici yana neman yarinyar, kuma a shekarar, mai taki ya fi malami kwarjini.

"Ɗan fim?" in ji Malam Sama'ilu da kawun Khalilu ya je gaisuwa. "Hoto zai dinga dafa mata?"

Khalilu ba shi da abin yi. Ba gona, ba shago, ba bakin magana. Ɗanliti ya janye da kansa, wai ba zai auri wadda gari ya gama kallo ba, amma hakan ƙara wa tsohon fushi ya yi. Damina ta wuce Luba tana rama a cikin gida.

Wata rana innarta ta ajiye waya a gaban maigidan, ta koma kan tukunyarta. Ya kalli bidiyon har ƙarshe. Can ya ce, "Ashe haka take dariya? A gidan nan ban taɓa ji ba." Ya ture wayar. "A ce masa ya turo."

Bayan girbi aka ɗaura. Goro kaɗan, addu'a da yawa. Malam Sama'ilu ya dafa kansu ya ce Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, kowa ya amsa da amin.

Sun zauna lafiya. Duk baƙon da ya zo, sai Luba ta ba shi labarin yadda Khalilu ya yi ta bin ta da kyamara ita ba ta ma san yana yi ba. Shi kuwa sai murmushi. Ya bar gaya mata gaskiyar maganar sai sun tsufa, Allah kuwa Ya karɓi abarsa kafin nan.

Akwai wurin da ya yanke lokacin tace bidiyon, don kada gari ya gani: tun kafin ya juyo da kyamarar kanta, ita ce ta fara kallonsa.