Ruwan Zafi a Gindin Bene

Ana gab da magariba a Toronto, Feride ta ajiye tukunyar miya a tebur, sai tsakuwa ta faɗo ciki. Mijinta Nevzat ya ɗaga kai. Rufi lafiya lau, tagogi a rufe saboda ƙanƙara. Da ta biyu ta faɗo ya juya ta a tafin hannunsa, nan take ya gane ta. Shi ne shugaban masu zuba kankare a wani dogon bene, ya san tsakuwar kwaɓi in ya gan ta.

Haka aka yi ta yi duk magariba, har 'yarsu Melike ta daina cin abinci, ta koma bayan ƙofa tana hura hannunta kamar wadda ta ƙone. Nevzat ɗin nan mai cewa aljanu ba su da bizar Kanada, da ƙafarsa ya ɗauko Hoja Sadettin, malamin unguwa, ta ƙofar baya don kada maƙwabta su gani.

Hoja ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ubanta ya ƙona mini ɗa. Ya wanke bututun kankare da ruwan zafi, ya kwarara a raminmu. Ko destur bai ce ba."

Destur ita ce kalmar da Turkawa ke faɗa kafin su zubar da ruwan zafi, don mutanen ɓoye su kauce.

"Mantuwa ce, baiwar Allah," in ji Hoja.

"Mantuwa? Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga Turawa na kallonsa, ya haɗiye. Har tarin ƙarya ya yi."

Feride ta juyo ta dubi mijinta. Kunya ta rufe Nevzat, ya kasa ɗaga ido, don kuwa haka aka yi.

Aljanar ta ce sai ta shanye hannun yarinyar. Hoja ya ƙi. Aka ja, aka ja, har ta yarda za ta fita in Nevzat zai riƙa faɗin kalmar a rediyon oba-oba na wurin aiki, inda kowa ke ji. Melike ta yi atishawa, ta nemi burodi.

Washegari a gindin benen, Nevzat ya danna rediyo, murya ƙasa-ƙasa: "Destur."

Mai ƙugiyar ɗaga kaya ya amso daga sama: "Maigida, atishawa ka yi? Mura ce ta kama ka?"

Dariya ta ɓarke tun daga ƙasa har hawan ƙarshe. Kunnuwan Nevzat suka yi zafi. Ya sake dannawa, ya faɗa da ƙarfi, sannan ya saki ruwan.