Angon Bebiya

Ranar kasuwar Makarfi ce, rana ta ɗan karkata, Hafiza na tafe a gefen hanya da farantin mazarƙwaila a kanta. Ba ta ji motsin komai a bayanta ba. Sai da wata mata ta ƙwala ihu sannan ta waiga, ta ga hancin wata farar mota dab da zanenta. Ta daka tsalle, faranti ya kife, mazarƙwaila ta watse a ƙasa.

Saurayin da ke tuƙin ya fito, ya durƙusa yana tsince mata.

"Don Allah 'yan mata ki yi haƙuri. Laifina ne."

"Kai wane irin direba ne? Ka kashe mota kana bin bayan mutane kamar mage?"

"Wallahi a kunne take. Mai lantarki ce, haka aka ƙera ta, ba ta magana."

Hafiza ta dubi motar, ta dube shi, ta taɓe baki.

"Allah sarki. Ashe bebiya ka auro."

Ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Ita ma ta juya kai gefe tana ɓoye tata da mayafi. Kafin su gama tsince mazarƙwailar ya san sunanta, ya san a Gazara take.

Sunansa Safiyanu, ɗan Kurmin Kogi ne. Yana aiki a wurin sayar da motoci na Alhaji Mamuda a Zariya. Da mai ya yi tsada, Alhaji ya shigo da 'yan motoci masu lantarki, ya ce duk wanda gidan mai ya gallaba zai rugo da gudu. Ya miƙa wa Safiyanu makullin ɗaya, ya ce ya riƙa zagawa da ita Ikara da Makarfi da Kudan yana nuna wa masu hali.

To, ba wanda ya rugo. Kallo dai ana yi, har a kewaye ta ana leƙe, amma da an zo maganar saye sai ba'a ta tashi.

"In an ɗauke wuta fa, samari? Mu tura ta?"

"In ta lalace, bakanike za mu kai wa ko mai gyaran waya?"

"Dami nawa na rake take ɗauka?"

Shi kuwa abokin aikinsa Ɗayyabu, mutumin Kudan, motoci masu shan mai yake sayarwa, 'yan Beljiyam, suna fita kamar ƙosai mai zafi. Kafin a taya ta Safiyanu sau ɗaya, Ɗayyabu ya fitar da goma. Kullum da yamma Safiyanu zai dawo ya sa ta a caji, ya goge mata ƙura, ya zauna shiru kamar ita.

Abin da ke sanyaya masa rai shi ne saƙonnin Hafiza a wayarsa.

"Angon Bebiya, ya kasuwa? An taya amaryar taka yau?"

"Gimbiyata, ko kallon arziki ba ta samu ba. Amma ni na yi ciniki, tunda na ji daga gare ki."

"Daɗin baki. In ba wanda ya saya ka kawo mini, na iya zama da marar surutu."

Da izinin Inna Lantana, mahaifiyarta, ya fara zuwa zance Gazara. Layin gidan su Hafiza gangara ne, daga bakin titi har ƙofar gida. Safiyanu yakan sauko a hankali bayan la'asar, ya tsaya can gindin darbejiya saboda kunyar suruki, ya turo saƙo: "Na iso, hasken raina." Sai ta fito da tabarma.

Abin da bai lura da shi ba, akwai mai saurare a zaure.

Malam Lado, mahaifin Hafiza, tsohon direba ne. Ƙuruciyarsa duk a kan hanyar Zariya zuwa Kano ta ƙare, har ciwon ido ya sauke shi daga mota, ya zaunar da shi a zaure. Ido ya tafi, kunne ya zauna. Mota na sako kai layin zai ce, "Wannan ta Salman mai taki ce, fulogi ɗaya ya mutu." Kuma haka ne. Abin da ya rage masa ke nan na girma a duniya, kuma da shi yake gadin gidansa.

Sai ga shi yana jin an rufe ƙofar mota a gindin darbejiya, yana jin muryar namiji da dariyar 'yarsa, amma bai taɓa jin shigowar motar ba.

Shi ma Ɗayyabu ya ga Hafiza, ranar da ta leƙa wurin aikinsu da ƙawarta, kuma ta shiga ransa. Bai tsaya gindin darbejiya ba. Ya zo da mota mai rugugi, ya taka totur har ƙofar zaure, ya zube ya gaida tsoho da ledar goro.

"Wannan inji lafiyayye ne," in ji Malam Lado. "Samari, tunda a wuri ɗaya kuke aiki, wane ne yaron nan da ke zuwa wurin Hafiza?"

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

"Baba, ba na son shiga tsakani. Ni dai abin da na sani, ba a taɓa jin ƙarar injinsa in zai shigo layin nan ba."

Bai ƙara ko kalma ba. Bai kuma yi ƙarya ba.

Malam Lado ya san wannan aikin. A zamaninsu, direban da ke son shiga unguwa ba a sani ba, tun daga saman gangara yake kashe inji, ya zuba ta a firi, ta silalo shiru. Ba mai yin haka sai mai abin ɓoyewa.

Da yamma ya kira Hafiza.

"Daga yau kada yaron nan ya sake taka layin nan. Mai neman aure da sallama yake zuwa. Mai kashe inji daga nesa ɓarawo ne."

"Baba, wallahi ba kashewa yake ba. Motar ce ba ta da ƙara. Da lantarki take tafiya, caji ake mata kamar waya."

Ta ɗauka ya gane. Sai tsohon ya girgiza kai.

"Na tsufa a cikin mota, Hafiza. Motar da ba ta tari, ba ta numfashi, ba ta shan mai? Tun da na rasa ido kowa ke yi mini 'yar ƙarya, a ce miya da nama, a ce rigata fes take. Na haƙura. Ban zaci har da ke ba."

Inna Lantana ta leƙo. "Malam, ni fa na gan ta da idona."

"Madalla. Kin tuna mini ni ba ni da shi."

Daga nan ba wanda ya ƙara iya tayar da maganar. Maƙwabta biyu sun gwada, ya ce an haɗa baki ne a yi wa makaho wasa. Ya daina karɓar ruwan alwala daga hannun Hafiza. In ta gaishe shi, "lafiya" kawai yake cewa, ya juya fuska bango. Yarinyar da ke jan hannunsa zuwa masallacin Juma'a ta koma kamar baƙuwa a gidan.

Ta tura saƙo tana kuka:

"Yaya Safiyanu, kada ka ƙara zuwa. Ba don na daina sonka ba. Baba ya ce na yi masa ƙarya saboda ba ya gani. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi."

Ya amsa:

"Na ji, Gimbiya. Ba zan sa ki saɓa masa ba. Ni kam na saba, abin da nake riƙe da shi ba mai so. Ki ci abinci don Allah."

Damina ta shigo ta yi nisa, rake ya yi tsawo ya rufe gonaki. Safiyanu bai je Gazara ba. Yana ji a wurin aiki Ɗayyabu na ba da labarin zuwansa can, yana cewa tsoho har addu'a yake sa masa. Hafiza kuwa ba ta taɓa fitowa wurinsa ba, amma wannan Ɗayyabu bai faɗa ba. Safiyanu ya rame. Sauran yara suka laƙaba masa "dillalin shiru".

Rannan Alhaji Mamuda ya kira shi ofis.

"Safiyanu, na gaji. Mutanenmu ba su shirya wa motocin nan ba. Na samu wanda zai kwashe su gaba ɗaya a Abuja, jibi za a zo ɗauka. Kai kuma ka koma wajen wanke masu shan mai, in ka iya ka riƙa taya Ɗayyabu ciniki."

Ba komawa wankin mota ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya tuna shi ne, in Bebiya ta bar ƙasar nan, shi ke nan Hafiza ta tabbata maƙaryaciya a wurin mahaifinta har abada.

"Alhaji, a ba ni ita gobe. Wuni ɗaya."

Washegari da hantsi, tun daga bakin titin Gazara ya fara danna hon. Bai tsaya gindin darbejiya ba, sai ƙofar zaure. Ya cire takalmi, ya yi sallama da ƙarfi, ya durƙusa.

"Wane ne?"

"Ni ne Safiyanu, Baba."

"Yau kuma da hon aka zo satar? Tashi ka ba ni wuri."

"Zan tashi, Baba. Ba aure na zo roƙo ba, na san na rasa wannan. Hafiza na zo wankewa. Gobe za a tafi da motar. Ka shiga sau ɗaya, in ka kama ni da ƙarya, ka sa a yi mini ihun ɓarawo."

Malam Lado ya yi murmushin da ba daɗi a ciki.

"Ka ɗauka ban san gangara ba? Ko amalanke ka saka a nan zai silalo shiru."

"To ba gangara za mu yi ba, Baba. Hawa za mu yi."

Tsohon ya lalubi sandarsa. Bai yarda Safiyanu ya riƙe shi ba, da kansa ya shafa har ya samu ƙofa, ya zauna a gaba, ya ɗora tafin hannu a kan allon gaban motar inda inji ke sa ƙarfe rawa. Inna Lantana da Hafiza na tsaye a bakin zaure.

Motar ta juya, ta fuskanci tudu, ta fara hawa.

Malam Lado ya ji bayansa ya manne da kujera. Ya ji tsakuwa na fashewa a ƙarƙashin taya, ya ji kukan akuya a gefe, har numfashin yaron yana ji. Hannunsa na nan a kan allo yana jiran rawar inji. Ba ta zo ba. Suka kai bakin titi.

"Tsaya. Buɗe mini gabanta."

Ya fito ya zura hannu yana lalube. Ya nemi fulogi, babu. Ya nemi bel ɗin fanka, babu. Ya sunkuya ya shinshina, ba ƙaurin mai, ba zafi. Ya zagaya baya da sanda yana neman salansa, ya shafa ya shafa, bai samu ba.

Sai ya dawo gabanta ya tsaya riƙe da murfin, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe har motoci sun daina yi mini magana," ya ce a hankali. "Abu ɗaya ya rage mini, shi ma an zo an karɓe."

Safiyanu ya zo da gaskiya, ga ta kuma ta karya tsoho a gabansa.

Da suka sauko, Malam Lado ya zauna a kan buzunsa, ya share fuska da hannun riga.

"Hafiza."

"Na'am, Baba."

"Kawo mini ruwan alwala. Da hannunki."

Ta ruga ciki tana kuka. Shi kuma ya juyo wajen da ya ji numfashin Safiyanu.

"Ka turo manyanka. Amma duk motar da ka hau a duniya, in za ka shigo layina, ka danna hon. Makaho ma a bar shi ya san wa ya zo."

Da Ɗayyabu ya zo da goronsa bayan kwana biyu, tsohon bai karɓa ba.

"Ba ka yi mini ƙarya ba, samari. Amma gaskiyarka ta fi ƙarya wari. Ka gaida gida."

Aka tafi da Bebiya Abuja. Safiyanu ya koma bokiti da soso, yana wanke motocin da Ɗayyabu ke sayarwa. Hafiza ta turo masa:

"An raba ka da Bebiya, Angona? Kada ka damu, wadda za ta maye gurbinta surutu ne da ita, sai ka toshe kunne."

Bayan an sare rake aka ɗaura aure a masallacin Gazara. Abokan ango suka so su nemo mota mai sanyi marar ƙara don ɗaukar amarya. Malam Lado ya aika a kira ango, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, Safiyanu ya ce to.

Da la'asar sai ga wata tsohuwar Fijo ta shigo layin, salansa a fashe, tana tari tana hayaƙi. Mata suka kama baki, 'yan matan amarya suka ce wallahi ba za a sa ƙawarsu a wannan akwala ba. Hafiza ta ɗaga mayafi ta dubi zaure, ta gane. Ita ta fara shiga.

Malam Lado ya dafa kanta ta taga.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Ki yafe wa tsohonki."

Fijo ta ɗauki hawa tana gurnani. Mutane suka watse, shi yana tsaye a ƙofar zaure, ya karkatar da kunne. Ya ji ta sa giya ta biyu a tsakiyar tudu. Ya ji ta hau titi, ta juya hanyar Ikara. A can saman, ango ya sa aka danna hon.

Inna Lantana ta taɓa hannunsa. "Malam, shigo, sun tafi."

"Dakata," ya ce. "Ina jin ta har yanzu."