Mai Hoton da Ba Ya Cin Gwanjo

"Mama, wa ya bugi mai hoton? Ga hawaye nan a idonshi."

Rauda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jawo Ummu, ɗiyarta 'yar shekara biyar, ta ce, "Yi haƙuri Malam, bakinta ba linzami."

Saurayin ya aje wayarsa yana dariya, ya goge ido da hannun riga. "Ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Wani ya kada ni, ko fuskarshi ban sani ba."

Daga garin Ƙofa, ta wajen Kusada, suka zo Kankia a ɗauki Ummu hoton shiga firamare. Yana gyara kujera yana ba su labari. Sunansa Zahradeen. Marigayi mahaifinsa ma mai hoto ne, yana da wata baƙar kyamara ta da, mai ido biyu, wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. A jinyarsa ta ƙarshe aka sayar da ita. Irinta yake nema a gwanjon intanet, inda kowa ke ɗora tayi a kan na wani har lokaci ya cika.

"Tun safe ni ke kan gaba. Saura ƙiftawar ido wani ya haye kaina."

"To ba rabonka ba ce," in ji Rauda. "Ɗauke mu, motar Kusada ba ta jira."

Ya ɗago ya dube ta da kyau. Ana gama ɗauka aka ɗauke wuta, dole ta bar masa lambarta.

Washegari saƙo ya shigo:

"Maman Ummu, hoto ya fito. Yarinya ta yi kyau, amma wadda ta tsaya gefe tana hararata ita ta hana ni sukuni."

Ta amsa: "Ka ji tsoron Allah, mai hoto. Ka ba direba ya kawo."

Bai ba direba ba. Da kansa ya hawo babur, har da alewar Ummu a aljihu.

Daga nan hanyar Ƙofa ta san tayarsa. Kafin damina ta yi nisa ya daina cewa Maman Ummu.

"Raudata, an sake kada ni."

"Sannu, jarumin faɗuwa. Ka ci abinci? Kyamara ba ta jin yunwa, kai kana ji."

Ita ta kafa masa doka: duk ranar da ya faɗi gwanjo, ba zaman tagumi a shago. Ya ɗauko kyamarar da yake da ita ya zo ya ɗauki tsofaffin unguwarsu, waɗanda wasunsu ba su da hoto ko ɗaya. Yakan iso da fuska a ɗaure, ya koma da daƙƙen gero a leda da albarkar tsofaffi. Ummu kuwa, da ta ji ƙarar babur sai ta zubar da abin da ke hannunta.

Sai ga Kabo, mai shagon cajin waya a gefen na Zahradeen, wanda ya daɗe yana aike gidansu Rauda neman aurenta ba a amsa. Ya sami mahaifinta, Malam Ashiru, bayan an tashi Islamiyya, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ba gulma ba ce. Yaron nan kullum yana kan waya yana saka kuɗi, kullum yana cewa an cinye shi."

Nan ne ciwon gidan yake. Cacar waya ce ta kashe auren Rauda na fari. Mijin ya sayar da keken ɗinkinta, ya sayar har da akuyar da aka ba Ummu ranar suna, kuma kullum yana rantsuwa kasuwanci ne.

"Ban sake ba ɗan caca ɗiyata," in ji Malam. "Magana ta ƙare."

Rauda ba ta yi musu ba. Ita ma ta sha ji daga bakin Zahradeen: an kada ni, an kada ni. Mi ta sani game da abin da ke cikin wayar? Ta dubi Ummu tana wasa a tsakar gida, ta rubuta masa:

"Kar ka sake zuwa. Ni na iya haƙuri da komai, amma ban saka Ummu gidan caca sau biyu."

Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Ba zan rantse maki ba, na san wancan ma ya rantse. Ki roƙar mani Malam ya bari in yi a gabanshi. In ya ce caca ce, ba ki ƙara ganina."

Malam ya yarda, don a rabu da hujja. Bayan la'asar suka zauna a zaure, Rauda ta laɓe a bayan ƙofa. Zahradeen ya nuna masa hoton wata kyamara a gwanjon: baƙa, mai ido biyu, sak ta mahaifinsa. Tayinsa ne a sama. Malam ya saka tabarau, ya matso.

Lokaci na gab da cika, wani ya ɗora.

"A'a! Wane ne wannan?" Malam ya yi zumbur. "Ƙara mashi!"

Zahradeen ya ƙara kaɗan. Wancan ya sake hayewa.

"Ƙara, yaro! Ka bari ya ƙwace abin ubanka?"

Ta tsagar ƙofa Rauda ta ga ya kai yatsansa kan wayar. Sai ya kife ta a kan tabarma.

"Malam, iyakata ke nan. Abin da ya rage na rufin ɗakin Rauda da Ummu ne."

Da aka ɗago wayar, kyamara ta tafi.

"To nawa suka cinye maka?" Malam ya tambaya a hankali.

"Ko sisi. Wanda bai saya ba ba ya biya."

Malam ya cire tabarau. "Ashe tayi ne, kamar na rago a kara." Sai dariya ta ƙwace masa. "Astagfirullah. Kai ka tsaya, ni da furfurata nake zuga ka. Tashi ka turo magabatanka."

Kafin ya kai Kankia saƙonta ya riga shi:

"Ka yafe mani, masoyina. Na so ka samu wannan."

"Ni ma na so, ba zan ɓoye maki ba. Gobe ki dafa mani dambu in huce."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Ƙofa, ranar Juma'a. Tsofaffin unguwa suka raka amarya har Kankia da guɗa, Ummu a gaba riƙe da buta, tana shaida wa duk wanda ta gani cewa ɗakinsu rufin kwano ne sabo. Malam ya dafa kan angon ya ce, "Allah ya riƙa maka kamar yadda ka riƙe hannunka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Har yau Zahradeen bai ci gwanjo ba. Yana faɗuwa, ya ci tuwonsa, ya goya Ummu a babur zuwa makaranta.

Ke kuma 'yar'uwa mai ɗa a hannu, ki ji ni da kyau: kar ki kuskura ki kai ɗanki gidan namiji sai kin ga da idonki yadda yake yi a ranar da abin da yake so ya kuɓuce masa.