Lallen Hannu Guda

"Inna, sosa mani yatsuna... suna ta ƙaiƙayi."

Inna Dijatu ta dubi inda 'yarta Atika take nunawa, ta kau da kai. Babu yatsu a wurin. Babu hannu. Daga kafaɗar dama sai ƙullin farin ƙyalle.

Atika ma ta duba. Ba ta yi kuka ba.

Kububuwa ce ta sare ta a gonarsu ta Dundaye, lokacin girbin gero. Aka yi tsaga, aka yi tofi, aka shafa saiwoyi, hannun ya kumbura ya yi baƙi har ya fara wari. Siddiƙu baduku, wanda aka yi musu baiko, shi ya faki idon mahaifinta ya aza ta a jaki, ya kai ta wurin likitan Nasara a bariki. Aka shaƙa mata wani magani a tsumma, ta yi barci. Ko da ta farka, an cire hannun tun daga gaɓar kafaɗa.

Ranar da aka dawo da ita, tana kwance tana jin mahaifinta, Malam Na'Allah, a zaure.

"Wa ya aike shi? Ya kai ɗiyata Nasara sunka yanka kamar akuya. Kada ya sake taka gidanga."

Uwani, 'yar kawun Siddiƙu, da ta daɗe tana sonsa, ta zo dubiya.

"Sannu, Atika. Goggo Hajjo, uwar Siddiƙu, dai ta ce wa za ya yi mata daka, wa za ya goya mata jika? Shi ko, kunya ɗai ta hana shi janyewa."

"To," in ji Atika.

Haka ta zauna har sanyi ya wuce. In an ba ta tuwo ta ci, in an ce kwanta ta kwanta.

Wata hantsi tana zaune a gindin tsamiyar bayan gida, sai ga Siddiƙu. Ya rame. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Atikata..."

"An ce kunya ta hana ka janyewa. Janye, na yahe maka."

"Wa ya ce?"

"Uwani."

"Ni kau ta ce mani ba ki son ganina. Kin ji haushina, sanyin raina?"

"Ban sani ba, Siddiƙu. Ba ni jin komi. Wani lokaci sai in ce da ka bar ni an rufe ni da hannuna."

Ya sunkuyar da kai.

"Likita ya tambaye ni ta bakin tafinta, a yanke ko a bari. Ni na ce a yanke. In anka sake tambayata yau, haka za ni ce. Ki ji haushina ko shekara nawa ne, in dai kina da rai, cikin ɗakina."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Tahi ka gaya ma Baba haka."

Bai iya zuwa da kansa ba, sai ya roƙi liman. Liman ya yi ta sintiri har damina ta faɗi, kafin Malam Na'Allah ya ce, "In ita ta yarda." Hajjo, uwar Siddiƙu, ta ce ƙafarta ba za ta taka bikin ba, kuma ba ta taka ba.

Ranar lalle, tsohuwar da ke ƙunshi ta shigo da zunguru biyu, dogayen ƙoren da ake zura hannu a ciki, yadda ta saba. Sai da ta ajiye ta tuna. Cikin matan kowacce ta rasa inda za ta sa ido.

Atika ta jawo guda, ta zura hannun hagunta har gwiwa.

"Da sanyi," ta ce.

Inna Dijatu ta ɗauke ɗayan ta fita da shi. Can bayan rumbu aka jiyo kukanta. Tsohuwa ta gyara murya ta ɗauko waƙa, mata suka amsa.